Wata Biyar a Warsharku, Koriyar Ƙofa a Farar Mota

Zuwa ga Mai Girma Mudir, wato manajan kamfanin inshorar motoci da ke hawa na biyu a Sharafiyya, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da dattijon nan mai kawo muku shayi, wanda shi kaɗai na taɓa gani yana aiki a ofishinku.

Sunana Umaru Bala, haifaffen Hindawiyya. Kakana ya zo aikin Hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Sana'ata dakon kifi. Bayan sallar asuba nakan je bakin teku in loda kwanduna da ƙanƙara a bayan motata, farar a-kori-kura, in rarraba wa masu suya da gidajen abinci kafin rana ta yi zafi. Da wannan motar nake ciyar da gidana da mahaifiyata da marayun ƙanena.

Ba ka san fuskata ba. Sau goma sha ɗaya ina hawa benenku, kullum sai a ce ka fita, alhali ina jin tarinka ta bayan ƙofa. Shi ya sa na sa aka rubuta maka wannan takarda da Larabci aka ba mai gadinku. Wannan ta Hausa kuwa ta 'yan'uwana ce, waɗanda wakilinku ke bi gida-gida, domin a karanta musu a majalisa bayan la'asar.

Na ɗaya. Ni ban neme ku ba, ku kuka neme ni. Wakilinku Ustaz Fu'ad sau uku yana zuwa gidana. Ya zauna a tabarmata, ya sha shayina, ya ci kifin da matata Sa'adatu ta soya har yana lasar yatsu. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ya ammi Umar, ranar da wani abu ya sami motar nan, kai dai miƙo mana makulli ka tafi gida ka huta, halas, shi ke nan." Yayana Alhaji Isa ya hana ni. Ya ce wannan inshorar da kuke kira ta'min ba ta kwanta masa a rai ba, ta yi kama da caca. Na ce masa zamani ya canza, gari ya cika da manyan motocin masu gine-gine, direbobinsu ba sa kallon gabansu. Na ƙi jin maganar babba, na bi maganar mai jakar fata. Shekara uku ina biyanku, ban taɓa jinkirta ko kwana ɗaya ba. Yanzu in mun haɗu da yayana a masallaci ba ya yi mini gori, sai dai ya dube ni ya tambayi lafiyar mota. Ni kam na gane ya yi muku adalci da yawa, don ko a caca wani lokaci mutum yakan ci.

Na biyu. A makon farko na Rajab, da hantsi, ina tsaye a mahaɗar hanya kusa da ofishinku ina jiran ɗan sanda ya ba da hannu, sai tankar ruwa ta fito daga lungu ta daki motata ta gefen direba. Ƙofa ta lotsa ta shige ciki, gilashi ya tarwatse, lagireto ya fashe, kifin mutane ya watse a kan kwalta. Kafaɗata ta goce, na yi mako uku hannuna a rataye. Direban tankar ya sauko yana cewa birki ne ya ƙi, bai yi musun komai ba. Jami'in murur, wato ɗan sandan hanya, ya zo ya auna, ya rubuta cewa laifin duka na tanka ne, ya buga hatimi. Wanda ya buge ni ya amsa laifinsa nan take, har ya zo gida ya duba ni da ledar lemo. Ku da na biya domin irin wannan rana, ku ne kuka tsaya jayayya.

Na uku. Da na kawo takardar murur, magatakardanku mai gashin baki, wanda ke zama a bakin taga, bai dubi takardar ba. Fuskata ya duba. Ya ce, "Ina iƙamarka? Wane ne kafilinka?" Wato ya ɗauke ni baƙo, yana neman takardar izinin zamana da uban gidan da ya tsaya mini. Na fito da takardar zama ɗan ƙasa na ajiye masa. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana haskawa kamar kuɗin jabu. Ka gaya masa, ranka ya daɗe, lokacin da mahaifina ke jan ruwa yana sayarwa a lungunan tsohon gari, benen da yake zaune a ciki yana hura hanci fili ne na awaki. Shekara uku ina miƙo kuɗi ta wannan tagar, hannun nan baƙi ne, ba wanda ya taɓa tambayarsa kafili. Sai ranar da ya zo karɓa.

Daga nan aka shiga "bukra", wato "sai gobe". A kawo hoto, na kawo. A sake buga wa takardar murur hatimi, na koma na yi layi na sake. A kawo kwafin lasin, na kawo. Sau biyu fayil ɗina yana ɓata a ofis mai ɗaki uku. Ban san akwai kalma ɗaya da za ta iya riƙe kamfani gaba ɗaya ba sai da na ji yadda kuke amfani da "bukra".

Na huɗu. Bayan kwana ashirin kuka turo injiniyanku ya duba ɓarna. Ina nan tsaye a rana da hannu a rataye. Bai sauko daga motarsa ba. Ya sauke gilashi kamar faɗin tafin hannu, ya toshe hanci da hankici saboda ƙarnin kifi, ya leƙa, ya rubuta, ya ja mota. Daga baya na ji abin da ya rubuta: wai rabin lotsewar ƙofa tsohon tsatsa ne. Tsatsar da ta goce mini kafaɗa ke nan. Ina so in san makarantar da ta koya wa mutum gane tsatsa daga nisan taku goma da hanci a toshe, in tura 'ya'yana.

Sai kuma magatakarda ya nuna mini wani layi a bayan takardar inshora, da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, wai an yi wa motar inshorar hawan mai ita ne, ba ta kasuwanci ba. Ni ban iya Turanci ba, kuma ba ni na cika takardar ba. Ustaz Fu'ad ne ya cika ta da hannunsa, yana jingine da bayan motar, kwanduna na ɗigar ruwa kusa da takalminsa. Ya tambaye ni farashin kifi a ranar, na zaɓi babba na naɗe masa ya kai gida. Yau kamfaninku na mamakin jin cewa motar kifi kifi take ɗauka. Sai da na je da umdan unguwarmu, mai unguwa ke nan, dattijo mai ciwon gwiwa, ya hau benenku da sanda, sannan aka ce to za a gyara "don karamci". Amma sai a warsharku ta Kumra, wato wurin gyaran motocinku, ba a garejin da na zaɓa ba.

Na biyar. Kumra, can ƙarshen gari ta kudu, tsakanin rumbunan kaya. In zan je sai in roƙi direbobin da ke kai leburori su rage mini hanya. Mai warshar, na gane daga baya, surukinka ne. Ban ce wannan laifi ba ne, na dai faɗa don jama'a su sani. Duk zuwan da na yi amsa ɗaya ce: sabuwar ƙofa na cikin jirgin ruwa, jirgi na jiran layin sauke kaya. Kowa ya san jirage sun yi cincirindo a teku, ina ganin su kowace safiya daga kasuwar kifi, don haka na yarda. Sha'aban ya wuce. Azumi ya shigo ya fita.

A wannan tsakanin na koma hayar keken jaki ina kai kifi. Ƙanƙara ba ta jiran jaki. Kafin in kai gida na uku ta zama ruwa, kifi ya fara laushi. Hajiya Maryama, Bahaushiyar Sudan mai suyar kifi a bakin kasuwarmu, shekara goma sha biyu ni ke kawo mata kaya. Ta yi mini haƙuri wata guda cur. Ranar nan ta zo gidana da kanta, ta zauna a zaure, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini, ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa. Na yi magana da wani direba." Ni na riƙa ba ta haƙuri. Bayanta mutum huɗu suka bi. Ƙaramar sallah ta zo, Sa'adatu ta cire awarwaronta na zinariya, wanda mahaifiyarta ta bar mata, ta kai kasuwa don marayun nan su sa sabon kaya kamar 'ya'yan kowa. Ba ta gaya mini ba sai da na ga hannunta wayam. Wannan ba ya cikin fayil ɗinku, na sani, ko da fayil ɗin bai ɓata ba.

A cikin Shawwal na je warsha ba tare da na sanar ba. Motata ba ta inda na saba ganin ta. Aka ce an kai ta gwaji. Na sami inuwa na zauna. Wajen azahar sai ga ta ta shigo, babu ƙofa, wani ma'aikacin warsha na tuƙi, bayanta shaƙe da bulo har ta durƙusa. Ashe surukinka gini yake yi. Motar da kuka ce ba a yi mata inshorar kasuwanci ba, ga ta tana dakon bulo kyauta. Na buɗe gabanta, sabon batirin da na saya kafin haɗari an musanya shi da wani mai farin gishiri a baki. Tayar safaya babu. Mai warsha ya fito yana goge hannu, ya ce mini "ma'alesh", wai in yi haƙuri. Wannan ita ce kalmarku ta biyu, kuma daga ita ƙamus ɗin kamfanin ya ƙare.

Na shida. A ƙarshen Zulƙida aka aiko in zo in ɗauki mota. Ranka ya daɗe, ban sani ba ko ka taɓa ganin aikin da ake yi da sunanka. Motata fara ce. Ƙofar da aka liƙa mata koriya ce shar, an ciro ta daga wata matacciyar mota, har da rabin sunan wani gidan burodi a jikinta. Ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa, gilashinta ba ya sauka. Wannan ita ce ƙofar da ta yi wata biyar a teku. Aka miƙo mini takarda in sa hannu cewa na karɓi motata lafiya ƙalau, in ban sa ba babu makulli. Alhazai sun fara cika gari, lokacin da mai mota ke samun na shekara, ba ni da ƙarfin wani jira. Na sa hannu. Amma ka sa a duba ƙarƙashin sunana, akwai layi guda da na rubuta da ajami. Mutanenka sun ɗauka sunan kakana ne. Abin da ke wurin shi ne: na karɓa a kan tilas, ban yafe ba.

Ban kai gida ba ta yi zafi ta tsaya. Na tura ta garejin Usta Haruna a unguwarmu. Ya duba lagireto ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ba a canza ba, an ɗan ɗiga masa dalma ne aka shafa baƙin fenti. Washegari ya kai ni wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, tafiyar da ba ta fi ta shan shayi ba daga warsharku. Farar ƙofa irin ta motata sak, guda uku na ƙirga a jingine da bango.

Na bakwai. Shekaranjiya masinjanku ya ƙwanƙwasa ƙofata da takarda. Na ɗauka amsar kokena ce. Da aka karanta mini, sai na ji tunatarwa ce cewa inshorata ta kusa ƙarewa, in hanzarta sabuntawa don in ci gaba da samun "kwanciyar hankali". Wata biyar ba ku san hanyar gidana ba, ranar karɓa kuwa masinja bai ko yi tambaya a hanya ba. Takardar tana nan, Sa'adatu ta naɗe barkono da ita.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. A sa wa motata ƙofar da ta dace da ita da sabon lagireto, a garejin Usta Haruna, ku biya shi hannu da hannu. A dawo mini da batirina da tayata. Surukinka ya biya ladan dakon bulo kamar yadda ake biyan kowane direba a garin nan, shi ya san sawu nawa aka yi. Sharuɗɗan da kuke ɓoyewa a bayan takarda a rubuta su da Larabci, da manyan baƙaƙe, a karanta wa mutum kafin ya ciro kuɗinsa. Magatakardan taga kuma a koya masa duba takarda kafin fuska. Na ba ku har alhazai su watse. In ban ji komai ba, ni da umda da takardar murur za mu je inda ake kai ƙarar 'yan kasuwa, kuma a can ba za a ce mini ka fita ba.

Ku kuma 'yan'uwana da ake karanta wa wannan, ban ce kowa ya yi ko ya bari ba. Motar tana ƙofar gidana kowace la'asar. Duk wanda aka zo wa da jakar fata da daɗin baki, ya biyo ya gan ta tukuna.

A ƙarshe ina yi maka addu'a, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya warkar maka da wannan tari. Allah ya tsare ka da iyalinka a kan hanya. In kuma an ƙaddara wata rana tanka ta fito maka daga lungu, ina roƙon Allah ya fitar da kai lafiya, ya kuma sa ba a kamfaninka ka yi inshora ba.

Wassalam.

Umaru Bala, mai dakon kifi,
Hindawiyya, Jidda.