Ƙara a Kunnen Ɗan Azumi

Difa, ƙarshen damina, 1955

Zuwa ga Yaya Dije, a Birni, Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Mu nan sai godiya. Kogin Komadugu ya fara kawo ruwa, sauro ya biyo shi. Na yi fama da zazzaɓi, amma ya sauka.

Yaya, da hannuna na rubuta wannan, kuma ina roƙo mai karanta miki ya zama mai riƙon amana. Tun lokacin zazzaɓin nake jin wata ƙara a kunnuwana, kamar kukan gyare, ba ta tsayawa. Ran kasuwa na tambayi maƙwabcin rumfata ko yana jin ta, ya dube ni ya ce shi ba ya jin komai sai kukan jakai. Ban ƙara tambayar kowa ba. Na sha rubutu, na ɗiga man shanu mai ɗumi, an yi mini hayaƙi. Tana nan.

Kin san abin da nake tsoro. Ina ƙarami Baba ya bar rumfarsa ya koma zama wurin masaƙa, hannu a kunne, yara suna cewa ya taɓu. Ina ganin abin ya biyo jini. Matata Falmata ba ta sani ba. Na yi niyyar mayar da ita gidansu a Gagamari tun ina cikin hankalina, kada ta ga abin da Inna ta gani.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki, Ɗan Azumi

*

Difa

Zuwa ga Ya Dije.

Ina gaishe ki da girmamawa. Wana Grema ne ke rubuta mini. Ki yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce.

Ya Dije, ba ni da wanda zan kai wa kuka sai ke. Ƙanenki ya canza. In na yi magana sai ya ce "me?", in na maimaita ya ɓata rai. Ya bar ɗaki ya koma kwana a zaure. Na yi masa burabusko da miyar kifi, wadda har kwano yake suɗewa, ya taɓa ya ture. Jiya ya ce in shirya kayana in je ganin gida, in daɗe.

Ni ba yarinya ba ce, na san ma'anar "ki daɗe". In laifi na yi, a faɗa mini in gyara. In kuma ya gaji da Babarbariya ne, ya faɗa da bakinsa. Amma ya rame, Ya Dije, wuyansa duk ya fito. Ba zan tafi in bar shi haka ba, ko ya kore ni.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki, Falmata

*

Damagaram

Zuwa ga Ɗan Azumi.

Bayan gaisuwa. Takardarka da ta matarka mota ɗaya ta kawo su. Na sa malamin unguwa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya sassauta.

Kai da wayo a ciniki, ga wauta a gida. Me ka sani game da Baba? Kana goye a bayana aka fara abin. Ni ce mai kai masa abinci. Baba bai taɓu ba. Ƙara ce a kunnensa, irin wadda ka kwatanta, shi yakan ce tasa kamar kudan zuma. In wuri ya yi tsit sai ta cika masa kai, in yana kusa da masaƙa ƙarar ƙoshiyar saƙa takan rufe ta, ya samu sauƙi. Shi ya kai shi can. Rumfa kuwa ciwon ƙafa ne ya raba shi da ita. Har ya koma ga Allah shi ke raba gardamar ƴan kasuwa, a kan tabarmar nan ta masaƙa. Waƙar yara ka riƙe. Mu ma da namu laifin, mun ɗauka ka sani.

Abin da Inna ta gani shi ne miji mai faɗa mata ciwonsa. Ga takardarka na mayar maka, ita da wannan ka karanta wa Falmata su da ƙarfi, tun daga gaisuwa har ƙarshe. Sa'an nan ka je gidan likita a Maine a duba kunnen. Baba bai samu wannan ba, kai ka samu.

Falmata, ƙanwata, ki kwance kayanki. Ba inda za ki.

Allah ya ba da lafiya.

Yayarku, Dije

*

Difa, lokacin sanyi

Zuwa ga Yaya Dije.

Gaisuwa da godiya. Na bi umarni. Na karanta mata har na kai wurin maganar Gagamari. Sai Falmata ta ce, "To da ka haukace, wa ka shirya zai riƙa ba ka ruwa?"

Grema ya kai mu Maine a raƙuminsa, Falmata ma ta ƙi zama a gida. Ma'aikacin gidan likita, Malam Umara, ya haska kunnuwan da ƴar fitila, ya wanke su da ruwan ɗumi. Abin da ya fito daga na dama kunya ta hana ni faɗa. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kanga mini a bayan kunne, yana tambaya ina na fi ji. Sai ya ce me nake sha. Na ce kinin, safe da yamma, don kada zazzaɓi ya dawo. Ya ce yawan kinin kansa yana sa kunne ƙara, in bari sai in shi ya ba ni.

Na tambaye shi kai tsaye ko hauka ce. Ya ce, "Kunne ne, ba hankali ba."

Na dama ya yi shiru tun kafin mu gama cin guzurin hanya a gida. Na hagu ya ragu amma bai daina ba, kuma Malam Umara bai ɓoye mini ba, ya ce mai yiwuwa da shi zan tsufa. Ya ce in guji zaman tsit. Yanzu da la'asar nakan bi Falmata lambun albasarta a bakin kogi. Tana ja da jigo, ruwa na zuba a kwari, sai in manta da gyaren. Jiya na yi wa Baba sadakar waina. Rabona da in ambaci sunansa ba tare da na sunkuyar da kai ba, na manta.

Allah ya bar mana ke.

Ƙanenki, Ɗan Azumi

*

Difa

Ya Dije, ina gaisuwa.

Ga busasshen kifi da tattasai a hannun direba Maina. Ƙanenki ya dawo ɗaki, wuyansa ya cika. Yana barci yanzu, har da minshari mai tayar da kaji. Ni ce kunnena bai huta ba. Ya ce zai kai ni wurin Malam Umara, na ce a bar mini kayana, wannan ƙarar ba na neman maganinta.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki, Falmata