Ranar da Muka Kama Mijinki a Cikin Gero

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga hannun Tanko na Darini, ƙasar Batsari, zuwa ga yayarsa Tasalla, matar Nomau, a Safana. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da tambayar lafiyarki da ta maigidanki da surukanki, har awakinku. Idan kin tambaye mu, muna nan lafiya, mun gode Allah. Bayan haka.

Yaya, na san malamin unguwarku za a kira ya karanta miki, kuma kafin ya gama warware takardar matan gidanku sun ajiye taɓare sun kewaye shi. Kada ki kore su. A gaban mutane na yi ɓarnar, gara a ji tubana a gaban mutane. Ki dai roƙi Malam, in ya ga baƙi ya karkace ya miƙar da shi, don karatuna bai wuce izu tara ba, su ma da bulala aka kai ni.

Ruwa ya ɗauke mana, gero ya nuna, an fara cin tumu. Bara war haka kuna nan. Tun daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarki ba, ko da Sallah.

Shekaranjiya mai gishirin nan da ke bin kasuwanni ya sauka a zaurenmu, ya ce kin yi nauyi har kin daina zuwa rijiya. Ni ban san me hakan ke nufi ba, yaro ne ni. Amma ya ƙara da cewa Nomau ya ce shi da Darini har abada, in lokaci ya yi wajen gwaggonsa a Runka zai kai ki. Yaya, a ina aka taɓa haihuwar fari a ɗakin gwaggon miji, uwa tana raye? Dalilin takardar nan ke nan. So nake ki zo gida. Tunda kuwa ni na toshe hanyar, bari in faɗa miki yadda aka yi, don ƙarshen abin kawai kika gani.

Kin san mijinki. Kowa ba ya cin abinci gaban surukansa, amma naki ko yawu ba ya haɗiyewa in Baba yana kusa. Ranar da kuka iso, bayan magariba, Inna ta zuba masa tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu yana ta ƙyalli a kai, ta ce in kai masa zaure. Na kai. Na ga ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya dubi akushin nan kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Wallahi ba ni na so ba, shaiɗan ne ya dafa ni. Sai na ruga wajen Baba na ce, Nomau yana jin nauyin tambaya, amma tun Safana yake marmarin ya ji labarin tafiyarka Gwanja.

Ke ma kin san sau ɗaya Baba ya je Gwanja sayen goro, tun yana saurayi, kuma duk Darini babu wanda bai ji labarin sau goma ba. Har jakinmu in ya ji an ce Gwanja sai ya juya baya. Baba ya yi shekaru bai sami sabon kunne ba. Ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Da Nomau ya ji sallamarsa, sai ya yi wuf ya baza babbar rigarsa a kan akushin, ya sunkuyar da kai. Baba ya zauna ya gyara murya, ya tashi ayari daga Batsari. Zango zango ya bi. Bai tsallake rijiya ɗaya ba, bai manta sunan jaki ɗaya ba. Mijinki ba abin da yake cewa sai "Ikon Allah." Suna cikin Zamfara sai cikin Nomau ya yi wani irin ƙugi. Baba ya dakata, ya leƙa waje ya dubi sama, ya ce, "Ashe da sauran ruwa bana." Aka kira isha'i suna bakin Kwara, ba a ma shiga jirgi ba. Baba ya kama hannunsa suka tafi masallaci. Ni kuma na dubi tuwon na ga ya yi sanyi, bai dace da baƙo ba. Na rufa masa asiri na cinye.

Da safe Inna ta dama koko. Na kai masa, na koma na ce wa Baba, Nomau bai yi barci ba saboda yana son ya ji ko an haye Kwara lafiya. Wannan karon ƙwaryar koko ce a ƙarƙashin rigar, da zafinta, tsakanin ƙafafunsa. Baba yana ratsa ƙasar Bargu, mijinki yana ɗigar gumi kamar tulun da aka cika. Baba ya ce, "Yaron nan akwai tausayi, ko ni da na yi tafiyar ban yi gumi haka ba."

Daga nan aka ce a tashi a tafi gonar bakin dutse, kada rana ta yi. Kina tuna fitar nan. Inna da tukunyar dafa gyaɗa a ka, ke da ƙwaryar fura, Gwaggo Hajo ƙanwar Baba tana bin bayanmu tana faɗa da kowace ƙaya, 'ya'yan maƙwabta sun riga mu yin gaba don ɗinya ta fara zuba. Raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Aka hura wuta a gindin kuka, aka yanko zangarniyar gero ana babbakawa, kowa yana murzawa a tafi yana hurewa yana watsawa baki. Ƙamshin tumu ya cika wurin. Mijinki yana can gefe a tsugune, ya juya mana baya, wai yana duba kofaton jakinsa. Kofato huɗu ne da jakin, ya duba su ya fi sau bakwai.

Ke kin ɗauka ya ƙoshi tun gida. Ni kaɗai na san rabonsa da abinci tun ɗumamen Safana.

Can sai na ga ya miƙe kamar mai neman wurin kama ruwa. Da ya zo wucewa ta bakin wuta, hannun rigarsa ya haɗiye tumu uku da ƙullin gyaɗa. Ya kutsa cikin gero. Na ba shi lokaci ya zauna ya yi bisimilla. Sannan na hau tushen kuka na kware baki na ce, "Birai! Birai sun sauko daga dutse!"

Kin san yadda birai suka yi wa Baba ɓarna bara waccan. Ban taɓa ganin tsoho ya tashi da sauri haka ba. Ya fizgi majajjawa, Inna ta ɗauki itacen da ke ci da wuta, Gwaggo Hajo ta ɗauki ludayi, Allah kaɗai ya san me za ta yi wa biri da ludayi. Aka yi wa wurin da gero ke motsi ƙawanya. Baba ya ce, "A hankali, babba ne, ku ji yadda yake tauna." Aka buɗe karare.

Ga mijinki zaune dirshan. Kumatu sun cika tam, ƙaiƙayi ya yi masa fari a gemu, tumu a dama, gyaɗa a hagu.

Da a ce an yi dariya a lokacin, da abin ya zo da sauƙi. Amma Baba mutum ne mai sanin ya kamata. Sai ya ɓoye majajjawar a bayansa, ya yi kamar a kan hanya suka haɗu, ya shiga gaishe shi. Ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen Safana, yaya Malam babba, yaya shanu, yaya ruwan bana a wajenku. Nomau bai iya haɗiyewa, bai iya tofarwa, kowace gaisuwa sai ya amsa da hanci. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya, amma kafaɗunta suna rawa. Gwaggo Hajo ce ta ƙarasa shi, ta ce, "Ɗan nan, ci abinka, mu biri muke nema."

Kafin azahar ya ɗaura wa jaki akumari. Kin bi shi, ko gyaɗar ba ki tsaya ɗauka ba. Da za ki wuce kin dube ni sau ɗaya, kin ce, "Tanko, kai ne." Ban musa ba, amma dariya ta hana ni ba ki haƙuri.

To, yanzu dariyar ta ƙare mini. Na sha duka a wajen Baba, ba don mijinki ba, don ya gano ba wanda ya nemi labarin Gwanja. Wannan ya yi masa ciwo har yau. Ki faɗa wa Nomau, a Darini babu mai ganin laifinsa. Mutumin da ya kwana ya wuni da yunwa don girman surukansa, ya zauna a kan koko mai zafi bai ce uffan ba, wane ne ya fi shi? Baba da bakinsa ya ce samun irinsa sai an tona. Yara sun ɗan yi masa waƙa, gaskiya ne, amma na hana su, kuma baiti biyu ne kawai nawa a ciki.

Ni dai wasa na ɗauka, irin wanda ƙanin mata ke yi da mijin yayarsa. Ban san wadda za ta biya ba Inna ce.

Yaya, ke ce 'yar farinta. Tun da aka haife ki ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ke a gaban mutane ba, in an yabe ki sai ta tashi ta bar wurin. Don haka ba za ta aika a kira ki ba, ko za ta mutu. Ko sunan Safana ba ta faɗa, sai ta ce "can wajen." Amma ni ina gidan, ina gani.

Tun ranar da wata mai tallan daddawa ta fara raɗa mata labarinki, watanni biyu ke nan, kullum sai ta dawo daga daji da itace. Ba ƙirare ba, manyan guma-gumai na marke, irin waɗanda ake dafa ruwan wankan jego da su. Tarin ya wuce tsayin danga. Na ce, Inna, wannan itace fa? Ta ce, "Sanyi ake tsoro bana." Ta sayi sabuwar babbar tukunya ta kife a bayan rumbu. Ta tanadi kanwa da kayan yaji a cikin tandu, ta ce na tari ne, ga shi babu mai tari a gidan. Ɗakinki na da, wanda muka mayar wurin ajiye harawa, ta sa na kwashe, ta yi masa sabon daɓe da hannunta, ta ce wai kaji take so su riƙa kwana a ciki. Kaza ta leƙa sau ɗaya, ta bi ta da muciya.

Da mai gishiri ya ambaci Runka, tana bayan zana tana tankaɗe. Na ji tankaɗen ya tsaya. Washegari ba ta je itace ba, ta zauna a bakin tarin nan tana ta gyara shi, ta ɗauke wannan ta mayar can. Abin da ya sa na je na durƙusa wa malaminmu ya ba ni takarda ke nan.

Ga abin da na yanke. Juma'a mai zuwa zan taso da jakinmu, na sa masa sabon akumari mai laushi saboda ke. Zan shigo zaurenku in durƙusa gaban Nomau da iyayensa. In duka ne ya doke ni, in noma ne in yi masa kaka guda ina yankan dawa. In ya ga dama ya zaunar da ni kwana biyu ba ci, ya kawo tsohon da ya fi kowa surutu a Safana ya ɗora mini. Na yarda. In kuma ya rako ki, na yi alkawari da hannuna zan kai masa akushi, in ja ƙofa, in zauna a waje da sanda, ko Baba ne ya zo in ce ba ya nan. Fushinsa da ni ne, kada ya huce a kan tsohuwar da ba ta iya buɗe baki ta roƙa.

Ɗazu ina cikin rubutun nan ta zo wucewa, ta ce wa nake yi wa. Na ce Yaya Tasalla. Ta ce, "Wa ya tambaye ka?" Ta shige ɗaki. Can ta fito da ƙullin sabuwar gyaɗa ta ajiye kusa da tawada, ba ta dube ni ba, ta ce in akwai mai zuwa can wajen a ba mutanen gidan. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Sannan ta ce, "Ka sa musu a ciki, rafi ya janye, hanya ta bushe."

Na sa, Yaya. Iyakar abin da za ta iya ke nan, sauran ke za ki cika.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ku lafiya, ya nuna mana fuskarki kafin a gama yankan gero. Allah ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya ƙara masa haƙuri a kan wanda yake da shi. Allah ya ja kwanan Inna da Baba. Ni kuma Allah ya shirye ni, ku duka ku ce amin da ƙarfi, don ana bukata.

Wassalam. Daga ƙaninki mai laifi, wanda zai iso ranar Juma'a in Allah ya so,

Tanko.