Na Ƙi Hawa Dutsen Shere, 'Yata Ta Ce Ba Na Son Ta

Assalamu alaikum Hajiya Kubra. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina, kuma duk wanda na kai wa kukan nan a gidanmu dariya zai yi mini. Kada ki sa sunana.

Ni mutuniyar Kura ce, sana'ata turara shinkafa. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, a waya nake danna wannan da yatsa ɗaya, sai ki yi haƙuri idan na yi ta kai da komo.

Tsakanina da 'yata ta fari ne. Ba zan iya rubuta miki sunanta ba, ko a nan da ba ta gani. Haka muka tashi a gidanmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ina yaye ta kakarta Iyatu, uwar maigidana, ta ɗauke ta ta tafi da ita Bunkure, can ta girma. Ni 'Yar Iyatu nake ce mata, ita kuma Yaya take ce mini kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ban taɓa jin cewa wani abu ne ba. Uwata ma haka ta yi wa babban wanmu, ga shi nan bai mutu ba.

Ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, ta auri wani yaron kirki Mudassiru, haifaffen Jos, suka tare can. Tun da ta tare take naci sai na zo na ga gari. Ina ta zillewa, don ni ban ga abin da zai kai uwa ta kwana gidan suruki ba. Da nacin ya yi yawa, bayan an yanke shinkafar damina, maigidana Malam ya ce in je in fita haƙƙinta, shi ba zai bar dashen albasa ba. Na ɗauki ƙanwarta Sa'adiya muka kama hanya, ta Kwanar Ɗangora, ta dajin Falgore, har Saminaka. Daga nan mota ta fara hawa tana nishi, kunnena ya toshe, na riƙe kujerar gaba ina ta salati, Sa'adiya na yi mini dariya.

Hajiya, ni mutuniyar fili ce. A wajenmu idan kika tsaya a bakin kanal za ki hango mai babur tun yana fitowa daga ƙauyen da ke gaba. Tudun da na sani shi ne tarin buntun shinkafa a bayan injin casa. Sai ga ni a garin da duwatsu suka kewaye, ga sanyi kamar a cikin randa. Ashe yarinyar nan hutu ta ɗauka a wurin aiki saboda ni. Ta saya mini rigar sanyi ruwan toka mai maɓallai. Ta tsara kowace rana da inda za a kai ni. Da ta miƙo rigar na ce a ajiye can, na yafa mayafina biyu ina karkarwa. Ba ƙin rigar na yi ba. Ta yaya zan sa kayan da 'yar fari ta ba ni ina yawo da shi a gaban mijinta?

An kai ni gidan namun daji, an kai ni gidan tarihi inda na ga tukwane irin na kakanninmu an jera ana kallo, abin ya ba ni dariya, na haɗiye. An kai ni Riyom, inda duwatsu suka hau kan juna kamar an ɗora kwanuka, ba siminti ba komai, sai ikon Allah. A raina tasbihi nake yi. Da ta tambaye ni yaya na gani, sai na juya na ba Sa'adiya amsa, na ce ba laifi.

Ranar da muka je Assop, wurin da ruwa yake zubowa daga saman dutse, nan ne na fara ɓata rawata da tsalle. Duk ruwan da na sani a rayuwata daga madatsar ruwa ta Tiga yake zuwa, a kanal, sai an buɗe masa ƙofa, maza suna faɗa a kan layin wa ya zo. Sai ga ruwa fari fat yana faɗowa da ƙara, ba mai buɗewa ba mai rufewa, feshinsa yana taɓa fuskata. Wallahi hawaye ya cika mini ido, na ce a raina yau ga inda 'yar da na haifa ta kawo ni. Don kada a gane, sai na buɗe baki na ce wannan ai asarar ruwa ce, da a Kura ne da an noma shinkafar da za ta ciyar da gari. Mudassiru ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Can ta matso ta ɗora hannu a kafaɗata don a ɗauke mu hoto, jikina ya yi yar, na zame na tura Sa'adiya wurin, na koma gefe ina gyara ɗankwali.

Babban abin shi ne na Dutsen Shere. Shi ta ajiye na ƙarshe, ta ce daga sama ana ganin garin gaba ɗaya, kuma tun zuwanta take burin ta tsaya da ni a can. Mun fara hawa ke nan, tana gabana, na lura da yadda take numfashi, na ga ta dafa dutse ta tofar da yawu, na kalli wuyanta da yadda fatarta ta yi haske. Na haifi bakwai, Hajiya, ba sai an gaya mini ba. Ciki ne da ita, ƙarami, na fari, ga hanya duk tsakuwa mai santsi. Gabana ya faɗi. To me zan ce? In ce wa 'yar fari na ga kina da ciki, a gaban mijinta? Bakina ba zai iya ba. Sai na nemi dutse na zauna, na ce gwiwata ta ƙi, kuma ni na gaji da kallon duwatsu, a mayar da ni gida. Na san idan na zauna ba za ta hau ta bar ni ba. Haka kuwa aka yi. Gwiwata lafiyarta ƙalau, ni da nake sauke tukunyar shinkafa daga murhu ni kaɗai. Muka shiga mota muka koma gida.

Ranar tafiya na yi wa uwar mijinta godiya mai yawa, na yi wa Mudassiru addu'a, 'Yar Iyatu kuma na ce mata to, sai wani jiƙon. Uwar mijin nan a gabana take kiran sunanta, ta jawo ta ta rungume, har abinci suke ci kwano ɗaya. Na ga abin, na ce kowa da irin gidansu.

Da muka dawo na shiga shiri ba wanda ya sani. Kin san haihuwar fari gida ake zuwa. Na sa an fara tara mini itacen wanka, na sayi kanwa da gero, na daka yaji, na sa an yi wa ɗakin da ke kusa da nawa sabon daɓe. Ina jiran a aiko a faɗa. Sai waya ta fara ja baya. Mai kira kullum ta koma ranar Juma'a, daga nan sai gaisuwa ta bakin Sa'adiya.

Shekaranjiya ina shanya shinkafa a tsakar gida, Sa'adiya ta kunna saƙon murya ba ta san ina kusa ba. Muryar yayarta ce, tana kuka. Ta ce ta zaga da ni duk inda ake kai baƙon da ake ji da shi, ko murmushi ban yi mata ba. Ta ce rigarta na ƙi, hoto da ita na ƙi, dutsen da ta ci buri a kansa na ce na gaji da shi. Ta ce yanzu ta haƙura, ta gane ita marainiya ce mai uwa a raye. Kuma ba za ta zo Kura haihuwa ba, uwar mijinta za ta kula da ita, don ba za ta kai jaririnta inda ba za a kalle shi ba.

Na tsaya da matajin baza shinkafa a hannu, kaji suna cin shinkafar mutane ban kore su ba. Zuciyata ta karye, Hajiya. A cikin 'ya'yana babu wanda nake so kamarta, ita ce na haifa ina yarinya, ita aka cire mini daga goyon bayana aka tafi da ita ina leƙe ta kafar zana. Rigar nan kuwa na taho da ita a ƙasan jakata, kullum da asuba ita nake sawa in hura wuta. Malam ya ce in rabu da ita, shi zai kira mijin ya ba da umarni a kawo ta. Iyatu ta tsufa, ta ce yaran zamani ne ba su san kara ba. Ni kuwa ba na barci. Laifina ne? Idan na karya kunyar nan, da wane ido zan kalli mutanen gidanmu? Idan ban karya ba, jikana zai zo duniya a hannun wata. Ki gaya mini yadda zan yi.

Taki,
Uwar 'Yar Iyatu, daga Kura

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Share hawayenki, abin bai lalace ba, amma yana son hanzari, don ciki ba ya jiran kowa.

Ba ki yi mugunta ba. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce da kika gada, kuma abin da kika yi a Dutsen Shere uwa ce kaɗai za ta yi shi. Sai dai 'yarki ma ba rashin kunya ta yi ba. Rigar sanyi da hoto da yawon nan duka tambaya ɗaya take yi miki da su, ko kina son ta. Ke kin amsa a zuci, ita kuma fuska ta duba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to taki fuskar ta ba da labarin da ba shi ne ba. Ita ma tana da nata, don a Bunkure ta tashi, ta san al'adar, ya kamata ta yi miki uzuri. Amma mai ƙaramin ciki ce a garin da ba dangi, kullum tana ganin yadda wata uwar ke yi. Kada ki tsaya auna wa ya fi laifi.

Ki roƙi Malam ya ajiye maganar umarni. Zai iya sa a kawo ta, amma za ki yi jegon mutumiyar da ba ta kallon idonki. Kada kuma ki aiki Sa'adiya. Saƙon da aka daɗe ana bi da shi ta hannun wasu shi ya kawo ku nan.

Wayar da kika rubuto mini da ita ta isa. Ki shiga ɗaki ke kaɗai, ki rufe ƙofa, ki yi mata saƙon murya. Ba ido da ido ba ne, ba kuma a gaban suruki ba, don haka mutanen gidanku ba su da abin gani. Ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, yadda kika faɗa: abin da kika ji a bakin ruwan Assop, da dalilin zamanki a kan dutse, da itacen da kika tara. Idan sunan ya ƙi fita, kada ki tsaya kokawa da shi, ba shi ne gaba ba. Kada ki sa maganar zuwa gida haihuwa a saƙon farko, don kada ta ɗauka dabara ce. Idan ta yi shiru kwana biyu, ki ƙyale ta, mai kuka ba ya amsa da wuri.

Game da ido da kike tsoro, ki tuna kunya ado ce, amma addini bai hana uwa nuna wa 'yarta so ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan miƙe ya tarbi 'yarsa ya sumbace ta. Ba wanda ya fi shi kunya.

Idan duk da haka ta zaɓi haihuwa a Jos saboda asibitin da take awo, kada ki mayar da shi gaba. Ki kira uwar mijin da girmamawa, ki ɗauki yajinki ki hau mota, ruwan wanka yana tafasa a can ma. Ki dai sassauta zafin ruwan, ki rage kanwa a kunu, likitoci suna gargaɗi a kan yawansu.

Bari in gaya miki abin da ban saba faɗa a filin nan ba. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa ce mini sannu da hanya ba. A zaman makokinta ƙanwarta ta gaya mini cewa duk ranar da na koma makarantar kwana, sai ta shiga madafi ta hura wuta da ɗanyen itace, don a ce hayaƙi ne ya sa ta hawaye. Na yarda, na kuma ji sanyi a raina. Amma na ji shi ne a bakin wata, ranar da ba ni da inda zan je in ce mata na gane. Ke kina raye, 'yarki tana jin kira. Ki yi saƙon yau.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya sa ki karɓi jikanki da hannunki, Ya daidaita tsakaninku.

Hajiya Kubra