Kwalaben Bayan Randa

Litinin, 9 ga Yuli, 1984
Na iso Gummi da la'asar, kwali a kan cinyata tun daga Anka. Kwalabena na ciki, bakinsu toshe da auduga. Ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, su ne aikina na shekara huɗu a jami'a. Tsofaffi kaɗai nake bari su yi ƙwai, zuriya bayan zuriya, har jikokin suka fara daɗewa a raye fiye da kakanninsu. Na ɗakin bincike zafi ya kashe su da wuta ta ɗauke. Waɗannan kaɗai suka rage a duniya. Na ajiye su bayan randar Inna, can ne da sanyi.

Laraba, 11 ga Yuli
Duk unguwa "Likita" ake ce mani. Yau wata tsohuwa ta kawo mani gwiwarta. Na latsa, na gyaɗa kai, na ba ta asfirin. Kai, Haladu, ba ka da kunya.

Alhamis, 12 ga Yuli
Inna ta ce, "Mi ka aje mani bayan randa?" Dija mai nono tana zaune tana ji. Na ce kayan aiki ne kawai. Ta yaya zan ce matar da ta sayar da shinkafar fadamarta don in yi karatu, ɗanta kiwon ƙuda yake yi? Wani masani a ƙasar waje ya ambaci aikina a mujalla, har yana roƙon in aika masa iri. A gaban irinsa bakina yana buɗewa. A gaban Inna ya ƙi.

Asabar, 14 ga Yuli
Zan je Bukkuyum gaisuwar mutuwa, kwana biyu. Na sabunta wa ƙudan abincinsu, kunun masara.

Litinin, 16 ga Yuli
Na dawo. Kwalabe jere a kan tabarma, tas, suna ƙyalli, cike da man shanu.
Inna tana murmushi. Wai ta leƙa kwalin ta ga tsutsa da ƙuda sun ɓata mani kwalabe masu kyau, ta tafasa ruwa, ta wanke da toka, ta shanya. Ta sa Dija ta kawo mai daga ruga, tsarabar komawata. "Ka ga ba a yar da kwalba," in ji ta.
Na ce na gode. Wallahi na ce na gode.

Talata, 17 ga Yuli
Ban fita ba.

Laraba, 18 ga Yuli
Na so in ji haushinta, na kasa. Ta tambaye ni, ni na ɓoye. Da ta ga ban taɓa tuwo ba ta zauna bakin ƙofa ta ƙi tashi, sai na faɗa mata duka: ƙudan, tsufan, shekara huɗun, da cewa ni ba likitan asibiti ba ne. Ban iya kallon fuskarta ba.
Ta ce, "Ashe dabbobinka ne na kashe." Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce, "Ni da ke kiwon kaji, ka ce ba ni gane kiwo? Da ka faɗi, da ni ka ba su kunu."
Wannan ya fi mutuwar ƙudan ciwo.

Juma'a, 20 ga Yuli
Da safe na tarar ta juye man kwalba ɗaya a kwano, ta jefa ɓawon ayaba ciki, ta ajiye bayan randa. Ta hana kowa ɗiban ruwa kada a kori ƙudan da za su zo. Sun taru kuwa, 'yan ƙanana masu jan ido. Ƙudajen gari ne, ba su san komai game da shekara huɗuna ba. Daga farko ke nan.
Na toshe bakin da auduga, ita ta riƙe mani kwalbar.
Tsohuwar mai gwiwa ta dawo tana kiran Likita. Na ce ta tafi asibiti, ni ƙuda nake kiwo. Ta yi dariya har da tafi. Inna ba ta yi ba. Ta ce mata, "Ki yi a hankali, kar ki tada mana su."