Binnen Sakina

Madawa, 3 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Yaya Inna, yaya zahin Garhanga?

Na kai wasan ƙarshe a gasar eshek, darar Turawan da ka koya mini! Wanda ya ci shi za ya tahi Yamai. Da Kamilu na Buza zan kara, shekara ukku ba a kada shi ba. Mushe Ayuba, malaminmu na lise, wato sakandare, ya hana ni buɗinka, wanda a taku na biyu ake miƙa sojan gehen sarki kyauta. Wai ganganci ne. Mi zan yi?

Ɗiyarka,
Sakina

Garhanga, 7 ga Mayu

Sakina,

Allah shi yi miki albarka. Muna lahiya.

Ganganci? Mushenku ya taɓa riƙa kalme ya yi noma? Jiya na gama binne: iri cikin busasshiyar ƙasa, ko hadari babu. In ruwa ya zo, na riga kowa. In bai zo ba, na yi hasarar iri. Sojan nan iri ne. Amma gonarki ce, ba ni tilasta miki.

Babanki,
Maiguwa

Madawa, 13 ga Mayu

Malam Maiguwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne Ayuba, malamin Sakina.

Sakina ta miƙa sojan, na dafe kai. Kamilu ya cinye shi yana murmushi. Ta ba shi doki, ya cinye. A taku na ashirin ta aje sarauniya gabansa, har mai shayi ya bar fifita. Ya cinye ta. Sai ta ɗaga dokin da ya rage ta dire. Wallahi sarkinsa ba shi da gidan tahiya, 'ya'yansa duk suna can inda suka tahi kwaɗayi! Ta kada shi! Kamilu ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya ba ta kujerar alƙalin wasa ta zauna.

Shekara sha biyar ina koyarwa, ban ga irin wanga ba. Ka gafarce ni. Wasa nawa ka ci da buɗin nan naka?

Naka,
Ayuba

Garhanga, 17 ga Mayu

Mushe,

Na gode, Allah shi bar zumunci.

Ko guda. Tun ina dako Abijan nike binne sojan nan, shekara talatin, bai taɓa tsirowa ba. Ban gaya mata ba.

Takardarka sau huɗu aka karanta mini, na yi kuka gaban mutane. In ta komo daga Yamai, ta zo ta gwada mini yadda ake yi.

Maiguwa