Inna, Ba Butarki Kaɗai Na Gada Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, wata Laraba ce komai ya sauya mini. Ina zaune gaban wata likita a nan Azare, na ɓoye hannayena cikin hijabi don kada ta ga yadda suka tsattsage. Baban Ummi ne ya matsa na je, bayan ya dawo daga kasuwa ya tarar da 'yarmu Ummi, takwararki, tana kukan yunwa, ni kuwa ina bakin famfo tun azahar ina maimaita alwala, har la'asar ta shiga ban yi salla ba.

Likitar ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu. Na ce babu. Ta ce, ba ki taɓa ganin wani yana wanke abin da ya riga ya wanku ba? Sai na ji ƙarar butarki a kunnena.

Kin tuna yadda matan Gololo suke yabonki? "Innar Hauwa ba ta wasa da tsarki." Har 'ya'yansu suke turowa su koyi alwala a wurinki. Ba su jin abin da nake ji in sun watse, kina raɗa wa kanki, "Anya na shafi kai?" Sai ki sake cika buta. Lalle bai taɓa daɗewa a hannunki ba.

Kin san ni da littattafai. A cikinsu uwar amarya takan rungume 'yarta su yi ta kuka. Ranar ƙunshina na jira hakan. Kika tsaya a bakin ƙofa, hannayenki a baya, domin an kwaɓa lallen da ruwan da ba ki ga ɗibarsa ba. Daga can kika ce, "Allah Ya ba da zaman lafiya." Da aka zo kai ni ɗakin miji, na shiga mota ina zaton ba kya sona. Da wannan zaton na zauna har kika rasu.

Likitar ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai hanyar da take sanar da mutum cewa aiki ya kammala, ya tashi. A wurin wasu saƙon ba ya isa, sai tsoro ya yi ta kewayawa a wuri guda. Ta ce yakan bi jini kamar ciwon sukari, ko da yake ba kowane ɗa ke ɗauka ba, kuma haihuwa ko wata damuwa kan tayar da shi. Ba raunin imani ba ne, ba kuma jifa ba ne.

A cikin keke napep na yi kuka har gida. Ba don kaina ba. Ashe ranar ƙunshin nan kina son taɓa ni, kika kasa.

Gwaggo ta taso takanas daga Udubo da ta ji labari. Ta ce, "Hauwa, uwarki ta mutu da sunan mai ibada, ke kuma za ki liƙa mata ciwon ƙwaƙwalwa? Zubar da ƙwayoyin nan." Na fahimce ta. Ni ma ina jin nauyin cire miki wannan suna, shi kaɗai duniya ta biya ki da shi.

Amma jiya na ga Ummi ta ja butarki zuwa gindin randa, ta tsuguna tana wanke hannu, tana sakewa, tana kallona in yaba mata. Ban sani ba ko kwaikwayo ne ko jini. Likitar ma ba za ta iya yi mini alkawari ba. Abin da na sani, ban ɗauke ta da hannu biyu ba tun da ta fara wasa da ƙasa.

Innata, ki yafe mini zaton da na yi miki. Allah Ya sa wahalar da kika sha a bakin randa ta zama kaffara, Ya ba ki hutun da ba ki samu ba a nan.

Ban zubar da maganin ba. Na fara sha, kuma jibi zan koma a koya mini yin alwala sau ɗaya in tashi, ko da zuciyata tana ihu. Ranar bikin Ummi ba zan tsaya a bakin ƙofa ba.

'Yarki,
Hauwa