A Goge Kalmar da Aka Rubuta a Kan Gwaggo Adawiyya

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
Cibiyar Raya Yara ta Inuwar Giginya,
Roumdé Adjia, Garwa.

Daga:
Zaharaddin Abdussalam, memba a kwamitin iyaye.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024.

Game da: Yadda aka sallami Hajiya Adawiyya daga shirin tatsuniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Tabarma, buta, carbi, zane biyu, ƙullin daddawa. Da su na ɗauko gwaggona, Hajiya Adawiyya, daga Mayo-Oulo ranar 3 ga Oktoba, ƙafarta a kumbure, shekararta saba'in da uku. Cibiyarku ce ta nemi tsohuwar da za ta yi wa yara tatsuniya. Ba ita ta nemi Cibiyarku ba.

1. A ranakun Asabar 5, 12 da 19 ga Oktoba ta zauna da yara bayan magariba. Ranar farko su goma sha huɗu ne, ranar ta uku sun haura arba'in, 'ya'yan mahauta da na 'yan tireda a tabarma ɗaya, iyayensu mata a tsaye a bayansu. 'Yata Nazira, da aka haifa a Beljiyam, ta yi wata takwas a Garwa ba ta haɗa zance da Hausa ba. Ranar 20 ta ba ni labarin kura da ɗan akuya tun daga farko har ƙarshe.

2. Ranar 22 Madam Larissa, jami'ar shirin, ta mai da zaman ƙarfe goma na safe, domin baƙin da ke tallafa wa Cibiya za su ɗauki hoto, hasken magariba kuma bai ishe su ba. Ni na sa hannu a madadin iyaye. Shekara goma sha tara na yi a waje, na manta cewa a gidanmu ba a tatsuniya da rana. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

3. Ranar 26 Gwaggo ta zo, ta shimfiɗa tabarma, ta gai da baƙi, ta ƙi farawa. Ta ce yaron da aka yi wa tatsuniya da rana ɓata yake yi, ita kuwa ba za ta gwada a kan 'ya'yan mutane ba, a dawo da magariba. Ni ban yarda yaro zai ɓata ba. Ita ta yarda. Madam Larissa ta ɗaga mata murya da Faransanci. Gwaggo ba ta jin Faransanci. Yaran suna ji.

4. Rahoton Cibiya na 30 ga Oktoba ya kira ta “mai taurin kai”, aka maye gurbinta da Malam Nicolas, wanda ke karanta wa yara littafi da safe. Ba ni da ƙorafi a kansa. Asabar da ta wuce yara shida ya samu.

5. Yammacin ranar, 9 ga Nuwamba, yara suka zo gida suka ja ta zuwa Cibiya, Nazira na riƙe da butarta. Maigadi ya ce an ba shi umarni. Ya rufe ƙofa tana tsaye, tabarma a hammata. Tun ranar take ɗaure kayanta, tana cewa a mai da ita Mayo-Oulo.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, da a goge waccan kalma daga rahoton, a kuma ba ta haƙuri da Hausa, a gaban yaran da aka tsawata mata a gabansu. Haƙurin ne kawai zai sa ta kwance kayan.

Ba na roƙon a buɗe mata ƙofar. Na janye sunana daga kwamitin iyaye. In ta zauna a Garwa, daga Asabar mai zuwa tabarmarta na tsakar gidanmu bayan magariba, ba kuwa za a ɗauki hoto ba.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Naka,
Zaharaddin Abdussalam